Siyasar Mai Jita da Siyasar Mai Kai Ƙunshi

A watan Mayun 2025, mawaƙin rok na Amurka Bruce Springsteen ya tsaya gaban dubban 'yan kallo a birnin Manchesta na Ingila, ya caccaki gwamnatin Donald Trump kafin ya taɓa jitarsa. Trump bai bari ta kwana ba, ya mayar da zagi a shafinsa na Truth Social. Nan take tsohuwar gardama ta sake tashi: me ya haɗa mawaƙi da siyasa? An biya kuɗin tikiti don a ji kiɗa, wa ya ce ya yi wa mutane wa'azi?

Masu wannan ƙorafi suna da abin kamawa, ban musa ba. Bob Geldof ya haɗa gagarumin wasan Live Aid a ranar 13 ga Yulin 1985, a Landan da Filadalfiya lokaci guda, don tara kuɗin agajin yunwar Habasha. An tara kuɗi, an ceci rayuka, amma an kuma dasa wa duniya hoton Afirka a matsayin nahiyar miƙa ƙoƙon bara, hoton da har yau ba a gama goge shi ba. Da ya sake shirya Live 8 a 2005 gabanin taron G8 na manyan ƙasashe takwas masu ƙarfin tattalin arziki, sai da aka yi ca a kansa saboda ƙarancin mawaƙan Afirka a babban dandalin Landan, a wasan da aka ce don Afirka ake yi. Bono na ƙungiyar U2 ya yi shekaru yana bin shugabanni a kan a yafe wa ƙasashe matalauta bashi, sai ga shi a 2006 ƙungiyar tasa ta mayar da wani ɓangare na harkar kuɗinta Holan, inda harajin ya fi sauƙi. Roger Waters, tsohon ɗan Pink Floyd, ya yi jawabi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2023 bisa gayyatar Rasha, ana tsaka da yaƙin Yukren. Iya kaɗa jita ba ya mayar da mutum masanin siyasar duniya.

Sai dai a faɗi ɗayan ɓangaren. Kama 'yan ƙungiyar kiɗan rok ta Plastic People of the Universe da gwamnatin kwaminisanci ta Cekoslobakiya ta yi a 1976 na cikin abubuwan da suka harzuƙa Václav Havel da abokansa suka fitar da takardar neman kare haƙƙin ɗan Adam mai suna Charter 77, kuma Havel ɗin ne ya zama shugaban ƙasa a 1989. Wasan da aka yi a Wembley a 1988 don cikar Nelson Mandela shekara 70 ya kai sunan wani fursuna cikin gidajen miliyoyin mutanen da ba su taɓa karanta labarin wariyar launin fata ba. Kuma mawaƙi yakan ji a jikinsa. Wasu 'yan matan ƙungiyar kiɗa ta Pussy Riot ɗaurin shekara biyu aka yanke musu a Rasha a 2012. Duk abin da mawaƙi ya faɗa, a bainar jama'a ya faɗe shi, da bakinsa da fuskarsa. Wanda bai so ba yana iya yi masa ihu, ko ya ƙi sayen tikiti, ko ya daina sauraronsa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɓata ƙarfi a kan masu kiɗa, muka bar waɗanda siyasarsu ta fi taɓa rayuwar mutane. An bar jaki ana dukan taiki. Ɗauki manyan kamfanonin kai saƙo da kaya tsakanin ƙasashe. UPS ya faro a Siyatil a 1907, DHL a San Faransisko a 1969 kafin hukumar gidan waya ta Jamus ta mallake shi a 2002, FedEx kuma Fred Smith ya kafa shi a 1971. Jiragensu da motocinsu ke ɗaukar takardun kwangila, magunguna, samfurin kayan 'yan kasuwa da kayan gyaran injuna zuwa ƙasashe da yankuna sama da 200. Kallon masu ɗaukar kaya kawai muke musu, waɗanda ba ruwansu da kowa.

Da ruwansu ƙwarai. Fred Smith na cikin manyan 'yan kasuwar da suka yi ta kai gwauro suna kai mari a Washinton a kan a rage harajin kamfanoni, kuma dokar 2017 ta sauko da shi daga kashi 35 cikin ɗari zuwa kashi 21. A Nuwamban 2019 jaridar New York Times ta ruwaito cewa harajin da ya hau kan FedEx ya faɗo daga sama da dala biliyan 1.5 zuwa sifiri cikin shekara guda. Smith ya ƙaryata fassarar jaridar, har ya ƙalubalanci mai ita da su yi muhawara a fili. Ko ma wa ke da gaskiya a lissafin, babu wani mawaƙi da ya taɓa juya dokar harajin ƙasa haka. Akwai kuma daɗaɗɗen rikici tsakanin FedEx da UPS a majalisar dokokin Amurka a kan dokar ƙwadago: sashen jiragen FedEx yana ƙarƙashin dokar da aka yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa da na sama, wadda ke sa kafa ƙungiyar ƙwadago ya yi wuya, alhali direbobin UPS 'yan ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ne. Kamfanonin biyu sun zuba maƙudan kuɗi wajen 2009 kowa na jan 'yan majalisa zuwa ɓangarensa.

A 2019 kamfanin kayan sadarwa na Huawei na Sin ya yi ƙorafin cewa FedEx ya karkatar da wasu ƙunshin takardunsa zuwa Amurka, a daidai lokacin da Washinton ta sa shi a baƙin littafi. FedEx ya ba da haƙuri ya ce kuskure ne, Sin ta buɗe bincike, daga baya FedEx ɗin ya maka Ma'aikatar Kasuwancin Amurka a kotu yana cewa ana so a mayar da shi ɗan sanda mai binciken kayan mutane. A 2022, kwanaki kaɗan bayan Rasha ta afka wa Yukren, dukan kamfanonin uku suka dakatar da kai kaya Rasha. Mutum na iya goyon bayan matakin, ni ma ina ganin yana da hujja. Amma mataki ne na siyasa, kuma wanda ya fara jin zafinsa shi ne talakan da ke jiran magani ko takardar makaranta daga waje, ba masu mulki a fadar Kremlin ba.

Misalin da ya fi nuna bambancin ƙarfin shi ne na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Washinton. 'Yan asalin ƙasar, jajayen Indiyawa kamar yadda aka saba kiransu, sun yi shekaru gommai suna zanga-zanga da shari'a a kan sunan Redskins, wanda suke ɗauka cin mutunci ne. Mai ƙungiyar ya yi kememe. A ranar 2 ga Yulin 2020, FedEx, wanda ya biya dala miliyan 205 a 1999 don a sa sunansa a filin wasan, ya nemi a canja sunan, bayan masu zuba jari sun matsa masa. Ranar 13 ga watan ƙungiyar ta sanar da ajiye shi.

Za a ce kamfani doka yake bi, ba shi ya ƙaƙaba takunkumi ba, ba shi ya sa harajin kwastan ba. Haka ne a lokuta da dama. Sai dai mai bin dokar nan yana da ofishi da lauyoyi a kusa da inda ake rubuta ta, kuma yana ba 'yan takarar manyan jam'iyyun Amurka biyu gudunmawa ta asusun siyasa na ma'aikatansa. Dokar Amurka ta 1995 ta tilasta wa masu kamun ƙafa a majalisa su bayyana nawa suka kashe da kuma dokar da suke bibiya, kuma rahotannin suna nan a intanet ga mai son dubawa. Editan da ya tura wakili ya bi diddigin abin da mawaƙi ya furta a dandali, ya kamata ya tura wani ya zauna a kan waɗannan takardu, ya ga wace doka FedEx da UPS da DHL ke bi a bana, da nawa suka kashe a kanta.