Motar miliyoyi a ƙarƙashin tampol: kunyar mara kunya asara ce

A wani gida a GRA ta Katsina akwai wata jar mota mai ƙofa biyu da ta shafe wata huɗu lulluɓe da tampol. Ba hatsari ta yi ba. Mai ita abokina ne tun muna makarantar allo, ɗan kasuwa da Allah ya buɗa wa a harkar hatsi da taki, kuma tun muna yara in ka ga ya ja ya tsaya a bakin titi, to mota ya gani. Ranar da na je ya yaye mini tampol ɗin da kansa. Ƙura ta kwanta a gilashi har yaran gidan sun rubuta sunayensu da yatsa. Ya tayar da ita, injin ya yi gurnani mai daɗin ji, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Ya nuna ta ya ce, "Malam, ka gan ta nan. Tun kwana na tara da zuwan motar take ci, har yau ba ta mutu ba."

A wurin wani dila a Abuja ya saya. Kafin ya biya, sau uku ake kiransa a wuni. Ranka ya daɗe, ya iyali, ya Katsina. Ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, aka ce sati shida mota za ta iso, sabuwa dal a leda. Sati shida ya zama wata biyar. Yau a ce jirgi bai taso ba, gobe a ce kwastan sun riƙe, jibi a ce dala ta tashi sai ya yi ciko. Ya yi cikon. Da ta iso, makulli ɗaya aka miƙa masa, littafinta an ce yana tafe, garanti kuwa da fatar baki aka ba shi: "Alhaji, duk abin da ya taso mu ne." Da abin ya taso, motar ta fara ƙin wuce giya ta uku, yaron da ya sayar masa ya ce man da ake sha a Katsina ne. Daga nan oga ya yi tafiya. Daga nan waya ta daina shiga.

Na ce ina takarda? Ya ɗauko rasit ɗaya tilo, a ƙasansa an buga da Turanci cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Na ce to ka kai ƙara mana. Ya girgiza kai. "Haba Malam. In na kai ƙara gari ya ɗauka. A ce an cuce ni kamar yaro, ko a ce na sayi abin da ya fi ƙarfina."

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina ita ce jarin da mugun dila yake juyawa. Ya san mutanenmu. Ya san babban mutum a Katsina ko Daura ya gwammace ya yi asarar miliyoyi da a ji sunansa a bakin alƙali kan mota. Ya san muna jin nauyin cewa "rubuta mini", kamar neman takarda zargi ne. Kara da kawaici da muke taƙama da su, shi kuɗi yake ƙirgawa da su.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, kuma ban ga laifinsa ba. A jihar da mutanen Batsari da Jibiya da Faskari suka sha barin gonakinsu saboda 'yan bindiga, a lokacin da magidanci ke lissafin kwanon masara, wa ya damu da motar ƙawa ta wani attajiri? Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Akwai gaskiya a ciki. Ni kaina na faɗa wa abokina cewa motar da cikinta bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, ba a yi ta don tudun rage gudu da ramukan unguwanninmu ba. Irin waɗannan injuna suna son fetur mai ƙarfi, wasu har mai lamba 98 masu ƙera su ke cewa a zuba, mu kuwa gidajen manmu nau'i ɗaya suke sayarwa. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Duk wannan haka ne.

Amma wa ya kamata ya faɗa masa? Wanda ya karɓi kuɗin. Dilan ya san inda motar za ta tun ranar farko, da bakinsa yake tambayar ya Katsina. Bai ce uffan kan mai ba sai da fitila ta kama. Sannan halin da ake nuna wa mai motar miliyoyi shi ne ake nuna wa mai sayen babur, da mai karɓar Keke Napep biya sannu-sannu, da matar da ta tara kuɗin adashi ta sayi firji ya mutu a sati biyu. Bambancin kawai shi ne su ba su da lauya, ba su da lambar wani babba. Idan mai hali ya haɗiye, ya koya wa kasuwa cewa haɗiyewa ita ce ƙa'ida, kuma talaka ne zai fi kowa jin jiki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke ɗaukar mayar da kaya mai aibi kamar wata baƙuwar al'ada ta Turawa. Gaskiya ne Turawa sun rubuta nasu. A Amurka akwai dokar garanti ta tarayya tun 1975, kuma jihar Konetikat ta fara dokar mayar da sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa a 1982, sauran jihohi suka bi. A Birtaniya dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi a ba shi kuɗinsa. To amma mu fa? Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya wuce ta babin ciniki, inda aka haramta algus da yaudara da ɓoye aibi. Mun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mun san hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye: yana da zaɓin kwana uku, in ya so ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Kafin alƙalamin da ka bayar kana jiran kaya, me ya raba shi da bashi? To daga ina muka samo cewa neman rubutu rashin yarda ne?

Garin nan na masu dawaki ne. Ba a taɓa jin wanda ya san doki ya saya bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba, bai ɗaga kofato ba, bai sa an zagaya da shi ya ga tafiyarsa ba. Kuma mai dokin ba ya fushi, don ya san haka ake yi. Sai ga shi jikokin waɗannan mutane suna tura kuɗin da ya fi na garken dawaki saboda hoto uku da aka aiko musu ta WhatsApp. Cinikin biri a sama ke nan.

Mota ma tana da haƙoranta. Kowace tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita ake gane shekarar da aka ƙera ta, da ƙasar da aka yi ta dominta, da ko kamfani ya taɓa kiran irinta don gyaran wani lahani. Ka nemi lambar kafin ka biya ko sisi, ka sa a rubuta ta a yarjejeniya. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2322, mako na 23 ne a 2022. Da muka tsuguna ni da abokina muka duba, tayoyin motarsa "sabuwa" sun girmi ranar da ya biya kuɗi da kusan shekara biyu. Nan ne fa maganar garanti take. Garanti yana fara ƙirgawa ne daga ranar da aka fara sayar da mota, ba ranar da ta shigo gidanka ba. Idan wani ya riga ya saye ta a takarda a Dubai ko Amurka don ya fito da ita, kwanakin suna ta tafiya tana zaune a jirgi. Kuma kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar nauyin motar da aka fitar daga kasuwar da aka ƙera ta dominta. Shi ya sa tambayar farko ita ce: kai wakilin kamfani ne, ko sayowa kake ka sayar? Duka biyun sana'a ce ta halal, amma ba abu ɗaya suke sayarwa ba, kuma dole mai saye ya san wanne yake biya.

Ba zan ƙi ba dilolin nasu haƙƙin ba. Tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya da muka saba da ita ta toshe, komai ya koma tashar jiragen ruwa. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya yi ciniki a naira zai biya a dala, yana iya wayar gari riba ta zama faɗuwa. Manyan garejin kamfanoni kuma suna Legas ne, can kamfanin motoci na Porsche ya buɗe cibiyarsa a 2012, fiye da kilomita dubu daga Ƙofar Ƙaura ta Katsina. Bakanikenmu, duk ƙwarewarsa, ba shi da kwamfutar da ke karanta ƙwaƙwalwar irin wannan mota, kuma in ya taɓa ta an samu hujjar soke garanti. Waɗannan uzurori ne na jinkiri da na tsada. Babu ɗaya a cikinsu da ke hana mutum ɗaga waya, ko faɗin gaskiyar shekarun mota.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mu haka ba. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC mai karɓar ƙorafin masu saye. Dokar ta ce kayan da aka sayar maka dole su kasance masu inganci kuma su yi aikin da aka saye su dominsa. In ba su yi ba, kana da wata uku daga ranar da ka karɓa ka mayar, a kan kuɗin mai sayarwa, ya gyara ko ya canza ko ya dawo maka da kuɗinka. Layin nan da ake bugawa a ƙasan rasit ba ya goge wannan haƙƙi. Ana shigar da ƙorafi ta intanet, ba sai ka tsaya a gaban jama'a ba. Ɗan Daura ne ya sa wa dokar hannu, amma da wuya ka samu ɗaya cikin masu sayen manyan motoci a jihar nan da ya san da watanni ukun.

Abokina bai sani ba. Watanni ukunsa sun ƙare yana haƙuri, yana aika gaisuwa, yana neman wanda ya san wanda ya san ogan. Har wani dattijo ya tura ya je ya yi magana, aka karɓe shi da shayi da girmamawa, aka ce a ba su mako guda.

Makon jiya dai ya yarda muka zauna. Muka fito da saƙonnin waya tun daga na farko, da shaidar tura kuɗi ta banki, da hoton fitilar, da hoton tayoyin. Lauya ya rubuta wasiƙa shafi biyu, ya sa lambar shasi, ya ba da kwana goma sha huɗu. Kwana biyu da isar wasiƙar, ogan da ya yi wata uku yana tafiya ya kira da kansa, ya ce ranka ya daɗe ai abin bai kai haka ba, za su turo babbar mota ta ɗauke ta zuwa Legas a kan kuɗinsu. Abokina ya ce ya gode, amma a rubuto masa hakan, da ranar ɗauka da ranar dawowa. Na ji muryarsa ta ɗan yi rawa da ya faɗa, don bai saba ba. Har zuwa jiya da yamma da na biya ta gidan, takardar ta zo, babbar motar ba ta zo ba, tampol ɗin yana nan a kanta.