Idan Taɓawar Farko Ta Lalace

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A wasan ƙwallon raga, sau uku kacal aka yarda kowane ɓangare ya taɓa ƙwallo kafin ta haye raga. Wani ya tare ta, wani ya ɗaga ta, na uku ya yi tsalle ya maka ta a filin abokan karawa. 'Yan kallo wa suke yi wa tafi? Na ukun. Amma masu wasan sun san cewa in mai tarewa ya kuskure, mai ɗagawa sai dai ya yi 'yan dabaru, mai dukan kuma tsallensa ya tashi a banza.

Akwai wani Ba'amurke, Karch Kiraly, an haife shi a 1960. Mahaifinsa likita ne da ya gudo daga ƙasar Hungary bayan tarzomar 1956, shi ya fara koya masa wasan a kan rairayin bakin teku a Santa Barbara, jihar Kalifoniya, yana ɗan shekara 6. Bai fi sauran tsawo ba. Da aka zo gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, kocin ƙungiyar Amurka Doug Beal ya ɗora aikin tare ƙwallon da abokan karawa suka bugo a kan mutum biyu kawai, Kiraly da Aldis Berzins. Aiki ne na durƙuso da faɗuwa ƙasa, wanda ba kasafai ake nuna shi a hoto ba. Da shi suka doke Brazil suka ɗauki zinare. A 1988 a Seoul suka doke Tarayyar Sobiyet, aka zaɓi Kiraly gwarzon gasar. A 1996 a Atlanta, yana da shekara 35, ya sake cin zinare a wasan bakin teku tare da Kent Steffes, inda mutum biyu ne kawai a kowane ɓangare, babu wanda zai rufa maka asiri in hannunka ya kauce. Bai ajiye wasa ba sai 2007.

To ɗan uwa, mutum ya shafe shekara arba'in yana gyara taɓawa guda saboda lambar yabo da zai mutu ya bari. Ina tamu taɓawar farkon?

Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya ce farkon abin da za a yi wa bawa hisabi a kai ranar alƙiyama sallarsa ce. In ta gyaru ya rabauta, in ta lalace ya taɓe, ya yi asara. Mu kuwa mun fi son aikin da ake gani: sadakar da za a ɗauka a waya, Umrar da za a saka hotonta a Facebook. Alwalar da muke yi dunduniya a bushe, ba mai tambaya. Ruku'u da sujadar da muke yi kamar saran kaza, mun saba da su har sun daina damunmu. Wallahi wannan abin tsoro ne.

Ku tuna mutumin da ya shiga masallaci ya yi salla, ya zo ya yi wa Annabi (SAW) sallama, aka ce masa ya koma ya yi salla domin bai yi salla ba. Har sau uku. Bai yi fushi ba, bai ce shekara nawa yana salla ba. Cewa ya yi bai iya wadda ta fi wannan ba, a koya masa. Sai aka koya masa natsuwa a ruku'u, a ɗagowa, a sujada, a zama.

Girma ba ya hana komawa gaban malami a gyara maka Fatiha. Je ka wurin limamin unguwarku, ka yi alwala da raka'a biyu a gabansa, ka roƙe shi ya faɗa maka inda kake kuskure. 'Yar uwa, malamar Islamiyya tana nan. Iyaye kuma, ku tsaya ku kalli sallar 'ya'yanku da idonku, kada ku tsaya a tambayar "kun yi salla?"

Allah Ka gyara mana sallarmu, Ka karɓa daga gare mu. Amin.