Ofis mara bango: haɗin kai ake nema ko rage kuɗin haya?

Yanzu duk kamfanin da ya samu kuɗi ya tashi gyaran ofis, abin da yake fara yi shi ne rushe bango. A jera dogayen tebura a makeken falo guda, a zuba ma'aikata kafaɗa da kafaɗa, gilas ta ko'ina, ga wasu kujeru masu kala-kala a lungu da tukwanen fulawa, sai a ɗau hoto a watsa a intanet wai ga ofishin zamani. Hujjar kullum ɗaya ce, wai in ba bango mutane za su riƙa magana da juna, dabaru su yi ta fitowa. Ni dai ban yarda ba.

A 2018 masu bincike biyu daga Jami'ar Harvard, Ethan Bernstein da Stephen Turban, sun bi diddigin wasu manyan kamfanoni biyu kafin a cire shingayen da kuma bayan an cire, har wata 'yar na'ura suka rataya wa ma'aikata mai gane lokacin da mutum ke magana da wani. Magana ido da ido sai ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, imel da saƙonni kuma suka ƙaru. Wato ga abokin aikinka taku uku tsakaninku amma gara ka tura masa saƙo, don ba ka son duk falon su ji abin da za ka ce. Kuma ai ba abin mamaki ba ne, kowa ya toshe kunne da iyafis, na gefenka na ta ɗaga murya a waya da kwastoma, firinta na kuka a bayanka, duk wanda ya gifta sai ya leƙa allon kwamfutarka, kai kuma kana kan lissafin da in sifili ɗaya ya kuɓuce maka ka shiga uku.

Abin da ba a cika son faɗa ba shi ne kuɗin haya. In ka cire bango mutane da yawa za su shiga ɗan fili, shi ke nan. Tattali ba laifi ba ne, amma a daina yi mana kwana-kwana. Ka kuma lura, ogan da ke wa'azin cewa duk ɗaya muke, galibi nasa ofishin na da ƙofa, kuma tagar ma a wajensa take.

Ba yau aka fara lalata tsari mai kyau don a rage kashe kuɗi ba. Robert Propst na kamfanin kayan ofis na Herman Miller ya fito da wani tsarin tebura da shingaye mai suna Action Office II a 1968, nufinsa kowane ma'aikaci ya samu ɗan wurinsa da zai iya juyawa yadda aikinsa ke so. Kamfanoni suka matse abin ya koma kamar akurkin kaji, har shi kansa daga baya ya yi tir da abin da aka mayar da shi.

Son ƙyale-ƙyale ma na da nasa. A sabuwar hedikwatar Apple a Kalifoniya, farkon 2018 rahotanni sun nuna ma'aikata na ta gwara kai da bangon gilas don ba sa ganinsa, har sai da aka kira masu agajin gaggawa.

To ba cewa nake a koma ɗaki-ɗaki da dogon lungu mai duhu ba. Akwai aikin da zama tare ke yi wa amfani. Amma kuɗin da za a kashe a teburin wasa da fenti mai ɗaukar ido, a fara zuba shi a silin da kafet masu shanye ƙara, da ƙananan ɗakuna masu ƙofa inda mutum zai shiga ya yi waya ko ya nutsu awa biyu ba wanda ya taɓa shi. Teburan ma'aikata su ne ya kamata su samu hasken taga, ɗakin mitin da ke wuni a kulle ya koma tsakiya. Kujera kuwa a sayi mai tallafe baya wadda ake ɗagawa a sauke, tunda a kanta mutum zai yi awa takwas. Kuma kafin mai zane ya ja layin farko, a tambayi akawu da mai amsa waya yadda aikinsu yake, ba manaja kaɗai ba.