Majami'ar katako ta Georgetown ba ta masu ibada kaɗai ba ce

Duk wanda yake ɗaukar ginin katako a matsayin aikin wucin gadi, ya kamata ya dubi majami'ar St George ta ɗarikar Angalikan da ke Georgetown, babban birnin ƙasar Guyana a Kudancin Amurka. An aza harsashinta a 1889, aka buɗe ta a 1892, kuma har yau tana tsaye fara fat a tsakiyar gari, tsininta ya kai mita 43 da rabi, abin da ya sanya ta cikin majami'un katako mafi tsawo a duniya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ƙasar wurin ta tilasta wa magina su saurare ta. Georgetown tana kan laka ce a bakin teku, idan ruwa ya cika ma har yakan fi garin tudu, kuma majami'ar da ta gabaci wannan, wadda aka gina a 1842, ba ta yi ƙarko ba, aka rushe ta a 1877. Da mai zanen gine-gine Sir Arthur Blomfield ya aiko da zanen ginin dutse daga Ingila, sai aka ga nauyinsa da kuɗinsa sun fi ƙarfin wurin, ya sake zana shi da katako. Aka koma dajin ƙasar aka sari greenheart, icce mai tauri da gara ba ta cika yi masa illa ba, wanda har gadojin tashar jiragen ruwa ake yi da shi. Salon ginin na Turawa ne, da dogayen tagogi masu tsinin baka da gilasai masu launi, amma ƙashinsa na Guyana ne, kuma a ganina a nan darajarsa take.

Sai dai katako ba ya yafe sakaci. Yana son fenti a kan kari, yana son kafinta ya riƙa ƙwanƙwasa ginshiƙi yana sauraron inda ya fara ruɓewa. Babban abin tsoro kuwa wuta ce, domin a ranar Kirsimeti ta 2004 majami'ar Sacred Heart, ita ma ta katako a wannan birni, ta ƙone ƙurmus. Tunda hukuma ta sanya St George cikin kayan tarihin ƙasa, bai dace a bar wa masu ibada kaɗai nauyinta ba. Kamata ya yi gwamnati ta ware kuɗin gyara a kowane kasafi, a kuma fara da duba wayoyin lantarki da tanadin ruwan kashe gobara.