Foman Ba Ya Cikin Lissafi

Foman na zaune a bakin ƙofar masana'anta, hular kwano a ka, usur a wuya. Ɗan Digiri na gefe yana fifita da ambulan ɗin takardunsa, Maigadi kuma na gyangyaɗi. Sai ga Malamin Ƙididdiga, biro uku a aljihun gaba.

Malamin Ƙididdiga: Salamu alaikum. An turo ni in ƙirga marasa aikin yi.

Foman: Wa alaikumus salam. To ka yi ɓatan kai, yaro. Nan wurin ma'aikata ne.

Malamin Ƙididdiga: Amma Baba, kwaɗon ƙofar nan har ya yi tsatsa.

Foman: Hutun gyaran inji muke yi.

Ɗan Digiri: Baba, injin da aka loda a tirela aka yi gaba da shi?

Foman: Wajen gyara aka kai shi. Kai me ka sani game da inji?

Masu gyaran dai a kan sikeli suka ɗora shi kafin su biya, amma wannan ba maganar da ake yi a gaban Foman ba ce.

Malamin Ƙididdiga: To, suna?

Foman: Foman.

Malamin Ƙididdiga: Sunan yanka nake nufi.

Foman: Wanda ya san sunan yankana ya rasu. Rubuta Foman, da babban baƙi. Ka ƙara da cewa na sashen dare da na rana, don akwai shekarar da na haɗa biyun. Manaja da kansa ya ce in babu ni jiniya ma ba ta san lokacin kuka ba.

Maigadi, ido a rufe: Jiniyar ma an sayar.

Foman: Ita ma gyara.

Malamin Ƙididdiga: A makon jiya, ka yi wani aiki da aka biya ka, ko da na awa ɗaya ne?

Foman: Na zo bakin aiki ƙarfe bakwai, na hura usur, na duba masu makara.

Malamin Ƙididdiga: An biya ka?

Foman: Yana taruwa.

Malamin Ƙididdiga: Wato ba a biya ba. A cikin makonni huɗun da suka wuce, ka nemi aiki a wani wuri?

Nan fa aka taɓo inda yake ciwo. Foman ya miƙe, ya gyara zaman hular kwano, ya dubi Malamin Ƙididdiga tun daga takalmi har birukansa uku.

Foman: Ni? In nemi aiki? Ni da mutane ke bin layi da takardu suna gaishe ni a durƙushe? Ni da na ɗauki uban yaron nan aiki, na koya masa bambancin sifana da filaya? Aiki ne ke nemana, ɗana. Kuma ya san inda nake zama, shi ya sa ba na matsawa daga nan, kar ya zo ya tarar ba na nan.

Ɗan Digiri: Baba, an ce ana neman mai tsaron sito a bayan gari.

Foman: Sito! Ka ji yaron zamani. Mutumin da ya riƙe injin da sai mutum goma sha biyu suke tayar da shi, shi za ka ba makullin sito?

Malamin Ƙididdiga ya ja wani ɗan layi a takardarsa, ya juya wajen Ɗan Digiri.

Malamin Ƙididdiga: Kai fa, Malam?

Ɗan Digiri: Ni kam rubuta ni da jan biro. Digiri a fannin tattalin arziki, ba ofishin da ban kai takarda ba. Har masu gadinsu sun haddace lambar wayata.

Malamin Ƙididdiga: A makon jiya ba ka taɓa komai ba?

Ɗan Digiri: Komai. Sai dai ranar Laraba na taya wani sauke kaya daga mota, ya ɗan ba ni na sabulu.

Malamin Ƙididdiga: Ya kai awa ɗaya?

Ɗan Digiri: Da jiran ya nemo canji, ya kai.

Malamin Ƙididdiga: Barka. Kana da aikin yi.

Ɗan Digiri: Na'am?

Malamin Ƙididdiga: Ba ni na ƙirƙira ba. Ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne. Wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don a biya shi, ma'aikaci ne. Marar aiki kuwa sai ya cika sharaɗi uku: ba shi da aiki, a shirye yake ya kama, kuma ya fita nema. Ai kun karanta a jami'a.

Ɗan Digiri: Mun karanta, har na ci jarrabawa a kai. Ban san da ni ake ba.

Malamin Ƙididdiga: Maigadi yana da aiki. Kai kana da aiki. Ke nan a bakin ƙofar nan rashin aikin yi sifili ne. Dama an sanar cewa an fita daga koma-bayan tattalin arziki. In abin da ƙasa ke samarwa ya ragu wata uku, ya sake raguwa wata uku a jere, an shiga ke nan. Yanzu kuwa ya ɗan ɗaga.

Maigadi: Ya ɗaga zuwa ina? Ni nan nake kwana, ban ga wucewarsa ba.

Ɗan Digiri: Ba ta nan yake bi ba, Baba Maigadi. A Amurka an ce koma-bayansu ya ƙare a watan Yunin 2009, amma marasa aiki suka ci gaba da ƙaruwa, sai da suka kai kashi 10 cikin 100 a watan Oktoba. Mai kamfani in kasuwa ta fara motsi ba ya gaggawar ɗaukar mutum. Sai ya fara ƙara wa waɗanda suka rage awowi, ya sayo inji, ya jira ya gani. Mu ne ake fara sallama, mu ne ake tunawa da mu a ƙarshe.

Haka abin yake kuwa. Mai sanar da farfaɗowa a talabijin bai taɓa kasancewa cikin waɗanda aka sallama ba, shi ya sa murmushin ke yi masa sauƙi.

Ɗan Digiri: Ga birnin Detroit nan na Amurka, uwar motoci. A 1950 mutanensa sun kusa miliyan biyu. A 2009 kamfanonin motoci Chrysler da General Motors suka durƙushe, sai da gwamnati ta tallafe su. Kamfanonin suka miƙe, amma birnin kansa a 2013 ya je kotu ya ce ba zai iya biyan bashin dala biliyan 18 ba. Ma'aikata sun watse, masu shaguna sun bi su, haraji ya ƙafe, har kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titi ba sa kamawa.

Foman: Wane ne foman ɗinsu?

Ɗan Digiri: Baba, birni ne guda.

Foman: Ka ga matsalar. Birni guda ba foman. Da sun aiko mini, mako biyu ya isa. Amma tsaya, Malam mai biro. Ka ce Maigadi ma'aikaci, ka ce yaron nan ma'aikaci. Ni a ina ka sa ni?

Malamin Ƙididdiga: Ai kai Baba ba ka cikin lissafi. Ba ka aiki, ba ka nema. Layi kawai na ja.

Foman: Layi.

Malamin Ƙididdiga: Ɗan gajere.

Foman: Ni aka ja wa layi? Yaron da ya sauke kaya awa ɗaya ya shiga littafin gwamnati, ni da na yi shekaru ina shaƙar baƙin mai ina waje? Goge! Sa ni cikin ma'aikata.

Malamin Ƙididdiga: Ba a biya ka ba.

Foman: To sa ni cikin marasa aikin. Amma a sama, lamba ɗaya. In marasa aiki ne, dole suna buƙatar foman.

Malamin Ƙididdiga: Sai ka nemi aiki tukuna.

Foman ya yi shiru. Ya dubi ƙofa, ya dubi usur, ya yi gyaran murya sau biyu. Sannan ya juya wajen Maigadi, yana kallon sama.

Foman: Kai, Maigadi. Ba wai ina nema ba. Amma a ce wani babban mutum, mai ƙwarewa, yana tambaya ko akwai gurbi a ciki.

Maigadi: Babu.

Foman: Ka ji, na nema. Rubuta.

Malamin Ƙididdiga ya rubuta, hannunsa na rawa, don rashin aikin yi a bakin ƙofar ya tashi daga sifili zuwa ɗaya bisa uku cikin minti guda, kuma shi zai yi wa oga bayani.

Maigadi: Af, na manta. Jiya wasu masu kwat sun zo. Sun ce za a buɗe wurin a sabuwar shekara.

Foman: Allahu Akbar! Ban faɗa muku ba? Gyara ya ƙare! Mutum nawa za a ɗauka?

Maigadi: Sun ce injinan masu sarrafa kansu ne. Mutum ɗaya zai zauna da kwamfuta. Ni ma kyamara za a sa a madadina.

Ɗan Digiri ya fara lalube cikin ambulan, ko akwai takardar kwamfuta a ciki.

Foman: Su injinan, suna makara?

Maigadi: An ce ko barci ba sa yi.

Foman: Haka kowane sabon ma'aikaci yake cewa a makon farko. Ka gaya musu ƙarfe bakwai, a layi, kowa da katinsa.