Ƙaramar fistol ba ta fi harba-ruga sauƙin sarrafawa ba

Mu Damagarawa ba baƙin bindiga ba ne. Tun zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, maƙeran Zinder suke zuba igwa, ana haɗa albarushi a cikin Birni. Har yau mafaraucin ƙauye ya san harba-rugarsa ciki da bai: ya zuba albarushi ta baki, ya danna da sanda, ya ɗana kunama kowa yana gani, harbi ɗaya sai ya sake ɗuri. Abin da nake so 'yan uwa a gida su gane shi ne, ƙaramar fistol ɗin da ake sayarwa a kanti a nan Amurka, ga wanda ya cika sharuɗɗa, ta fi waccan wuyar sha'ani, ko da yake tana shiga aljihu.

Ɗauki Glock 19, ƙirar Ostiriya da ta fito a 1988. Gangar jikinta roba ce mai tauri, bututu da ƙarfen sama mai zamewa su ne ƙarfe. Tsawon bututun milimita 102, gidan harsasai yana cin 15 na samfurin milimita 9, nauyinta babu harsashi bai kai giram 700 ba. A 2018 kamfanin SIG Sauer ya fito da P365, wadda ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba: nauyi wajen giram 500, harsashi 10.

To, ƙanƙantar tana da illarta. Harsashin dai ɗaya ne da na babbar fistol, amma nauyin da zai shanye bugunsa ya ragu, saboda haka bakin bindigar yakan yi tsalle sama sosai. Ƙotar gajera ce, ɗan ƙaramin yatsa sau da yawa ba ya samun wurin zama. Tazarar saitin gaba da na baya ma ta ragu, ɗan karkacewar da ido ba zai lura da ita ba sai ta zama babban kuskure a mita 15. Idan wuyan hannu ya yi laushi, ƙarfen sama ba zai koma baya har ƙarshe ba, sai kwanson da aka harba ya maƙale a ƙofar fita, bindiga ta cije.

Ga kuma ƙura. Masu bindiga a nan sun saba da yawan shafa mai, yanayinsu ya yarda. A Zinder, da hunturu, mai da ƙura sukan haɗu su zama kwaɓi a kan hanyar zamewar ƙarfen. Ɗigo kaɗan ya wadatar, kuma ramin allurar da ke sarar harsashi ba a sa masa mai ko kaɗan, don idan ya yi danƙo allurar takan yi sara marar ƙarfi, harsashi ya ƙi tashi.

Wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ido ba ya gani. Glock ba ta da 'yar gudumar waje da za ka kalla ka san an ɗana, ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa. Kariyarta uku ce, kuma duka suna sakin kansu da zarar an ja kunama da ƙarfin wajen kilo 2 da rabi. An yi su ne don kada ta tashi idan ta faɗi ƙasa. Ba su hana yatsan yaro. Sannan cire gidan harsasai ba ya nufin ta zama fanko, ɗaya yana iya kasancewa kwance a gindin bututu. Ƙa'idar ita ce a fara cire gidan, a ja ƙarfen sama baya, a leƙa da ido, a taɓa da yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya ja ƙarfe kafin cire gida, ya ɗora sabon harsashi ne bai sani ba. Wargaza Glock don wanki ma sai an ja kunama, kuma a daidai nan ake yawan harbin kuskure.

A nan, mai hankali yana da akwatin ƙarfe mai makulli da kube mai rufe kunama gaba ɗaya. A gidajenmu kuwa yaran dangi da na maƙwabta suna shiga kowane ɗaki, ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ce. Jandarma ko ɗan sandan da yake komawa gida da fistol ɗin aiki, da farar hular da hukuma ta ba izini, su ajiye bindiga a kulle wuri guda, harsasai a kulle wani wurin, mabuɗi kuma a jikinsu.