Ɗan mai keke da bakin mutane: nasiha ga ƙannena matasa

Assalamu alaikum ƙannena. Na san yawancinku ƙwallon ƙafa kuke kallo, da an ce kurket sai ku ce wasan Indiyawa ne da ba a gane kansa. Ba sai kun gane wasan ba. Wani ɗan wasansu nake so mu duba, Mohammed Siraj, saboda irin abin da bakin mutane ya yi masa, kuma bai karya shi ba.

An haife shi a birnin Hyderabad ranar 13 ga Maris, 1994. Mahaifinsa direban keke mai ƙafa uku ne, irin wanda muke kira Adaidaita Sahu, wanda dama galibinsu daga Indiya ake shigo mana da su. Gida ne na sai an fita an nemo. Yaron ya tashi yana wasa a filayen unguwa da ƙwallon tanis, ƙwallon gaske ta fata kuwa sai da ya doshi shekara 20 ya fara riƙe ta sosai. Aikinsa a fili jifa ne: ya taho a guje daga nesa, ya wurgo ƙwallo mai tauri da gudun da ke kaiwa kilomita 140 a awa, don ya kayar da sandunan nan uku da ke bayan mai bugu, ko ya sa shi ya ɗaga ta sama a cafe, wanda shi ake kira fitar da ɗan wasa. Aiki ne mai cin gwiwa da gadon baya.

A 2015 ya fara buga wa Hyderabad a gasar Ranji Trophy ta cikin gidan Indiya, a kakar da ta biyo ya fitar da 'yan wasa 41. A 2017 ƙungiyar Sunrisers Hyderabad ta gasar IPL, babbar gasar kulob-kulob ta Indiya, ta ɗauke shi kan rupi miliyan 26. Ya saya wa iyayensa gida, ya ce baba ya huta da keke.

Da labarin fim ne, a nan za a rufe. Amma ranar da ya fara sa rigar ƙasarsa, a watan Nuwamba 2017 a Rajkot, 'yan New Zealand sun ci maki 53 a jifa 24 kacal da ya yi. A kurket, wannan shan kashi ne. Ya koma ƙungiyar Royal Challengers Bangalore, kakar 2019 ta zo masa a karkace, sai mutanen intanet suka yi masa ca. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ana rubuto masa ya bar kurket ya je ya ja keke tare da ubansa.

Ku tsaya a nan. Zagin nan bai taɓa jifansa ba, sana'ar ubansa ya nufa. Kuma irin wannan zagin ba ya tasiri sai a kan wanda dama yake jin kunyar gidansu. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai wannan cutar a cikinmu. Yaro ya samu gurbi a jami'a da kuɗin da babansa ya tara daga dako ko faci ko tuƙin keke, amma in abokai suka tambaya sai ya ce ɗan kasuwa ne. Yarinya ta hango babanta ya tsaya da kekensa a bakin makaranta, sai ta kau da kai har ƙawaye su wuce. Wallahi wannan ya fi zagin baƙo ciwo, domin baƙon bai ci guminsa ba. Siraj bai taɓa ɓoye cewa ubansa mai keke ne ba, a hira bayan hira shi yake kawo zancen da kansa.

Kuma bai daina zuwa atisaye ba. A watan Oktoba 2020, a Abu Dhabi, ya zama mutum na farko a tarihin IPL da ya yi zango biyu na jifa shida-shida a wasa ɗaya ba a ci masa ko maki ɗaya ba. Wata guda bayan nan, yana Ostireliya tare da tawagar Indiya, mahaifinsa ya rasu da ciwon huhu. Lokacin korona ne, in ya dawo gida sai an killace shi, ko jana'iza ba zai samu ba. Hukumar kurket ta Indiya ta ba shi zaɓin komawa, mahaifiyarsa ta ce ya zauna ya cika burin mahaifinsa. Ban kawo wannan don in ce wasa ya fi makoki ba, kowane gida da yadda zai yanke. Abin lura shi ne da uwarsa ya yi shawara, kuma maganarta ya bi.

Ranar 26 ga Disamba ya buga wasansa na farko na kwana biyar a Melbourne. A Sydney wasu 'yan kallo suka jefe shi da kalaman wariyar launin fata, bai rama ba, ya sanar da kyaftin da alƙalan wasa, aka fitar da mutanen. A Brisbane, manyan masu jifan Indiya duk sun ji rauni, shi mai wasa biyu kacal a baya ya zama babba, ya fitar da mutum 5, Indiya ta lashe jerin wasannin 2 da 1. Da ya sauka a Hyderabad, maƙabarta ya fara zuwa kafin gida.

Daga nan fa sai yabo. A Janairu 2023 ya hau matsayi na ɗaya a duniya cikin masu jifa a wasan yini guda. A Satumba, a wasan ƙarshe na kofin Asiya a Colombo, ya fitar da 'yan Sri Lanka 6, huɗu daga ciki a jifa shida kacal, kuma kyautar dala 5,000 da aka ba shi ya miƙa wa ma'aikatan da ke gyaran filin. Masu cewa ya koma keke su ne suka koma yi masa kirari. Dama tsohon kyaftin ɗin Indiya MS Dhoni ya taɓa gaya masa kada ya saurari kowa, domin masu yabonsa yau su ne masu zaginsa gobe.

Kuma gobe ta zo. A farkon 2025 aka ajiye shi daga tawagar Indiya ta gasar ƙasashe ta Champions Trophy. A Agusta, a filin Oval na Landan, ya cafe ƙwallon ɗan Ingila Harry Brook amma ƙafarsa ta taka igiyar iyaka, cafewar ta lalace. Brook yana da maki 19 a lokacin, ya je ya tara 111. Ku kwatanta yadda za ku kwana da irin wannan kuskuren a idon duniya. Washegari da safe Siraj ya fitar da uku daga cikin huɗun da suka rage, Indiya ta doke Ingila da maki 6. Mu kuwa, kanti ya karye sau ɗaya, ko JAMB ta ƙi sau ɗaya, sai mutum ya daina fita majalisa, wai kada a yi da shi. To ai ko ka fito ko ka ɓuya, za a yi.

Saura ku masu zagin, don ba koyaushe mu ne ake zagi ba. Ɗan wasa ya ɓarar da fenareti, sai ka shiga shafinsa ka zagi uwarsa da ubansa, kana Musulmi ko Kirista mai zuwa ibada. In an bincika, sau da yawa ba kishin kulob ba ne, tikitin caca ne ya yage. A 2023 wani mutum da ya yi asarar kuɗi masu yawa a cacar wasanni ya tuntuɓi Siraj ta waya, yana neman ya ba shi labarin sirri na cikin tawaga ko ya mayar da abin da ya rasa. Siraj bai tsaya ciniki da shi ba, ya kai ƙararsa sashen yaƙi da cin hanci na hukumar kurket.